Ƙaramar Hukuma da Lissafin Jama'arta: Nazari a kan Kura ta Jihar Kano

Tsakure

Wannan takarda ta dubi alaƙar da ke tsakanin mulkin ƙaramar hukuma a karkara da sanin yawan mutanen da ake mulka, inda ta ɗauki Ƙaramar Hukumar Kura ta Jihar Kano a matsayin misali. An dogara da tanade-tanaden tsarin mulkin 1999, da sakamakon ƙidayar 2006, da tarihin haraji a zamanin En'e, da kuma yadda jama'a ke kai-komo a yankin noman rani. Takardar ta nuna cewa ƙaramar hukuma tana gudanar da aikinta ne da ƙiyasin da ake aiko mata daga sama, alhali a dā akwai lissafin shekara-shekara da ke tasowa daga unguwa zuwa gunduma. Ta kuma nuna cewa 'yancin kuɗi da Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024 ba zai yi cikakken amfani ba muddin majalisar ƙaramar hukuma ba ta da rajistar mutanenta. A ƙarshe an kawo shawarar farfaɗo da rajistar unguwa, tare da sharuɗɗan da za su kare ta daga cututtukan da suka kashe ta farko.

1.0 Gabatarwa

Maganar ƙananan hukumomi a Nijeriya ta fi karkata ga kuɗi: nawa aka turo daga Abuja, nawa ya maƙale a jiha, nawa ya isa sakatariya. Tambaya ce mai muhimmanci. Amma akwai wadda ta riga ta, wadda ba a cika yi ba: mutum nawa ne za a yi wa aiki da kuɗin? Magidanci ba ya auna tsaba sai ya san bakin da zai ciyar. Ƙaramar hukuma kuwa kowace shekara tana tsara kasafi, ta raba rijiyoyin burtsatse, ta nemi malaman makaranta, ta karɓi allurar rigakafi, duk a kan adadin da aka ƙirga tun 2006.

An zaɓi Kura don dalilai biyu. Na farko, karkara ce mai cunkoso, mai kusanci da birnin Kano. Na biyu, noman rani ya sa yawan mutanenta na hawa da sauka gwargwadon lokacin shekara, don haka raunin lissafin ya fi fitowa fili a nan. Abin da za a faɗa game da ita ya shafi tsarin baki ɗaya, domin doka ɗaya ce ta ɗaure ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan.

2.0 Kura: Ƙasa da Jama'a

Garin Kura yana kan hanyar Kano zuwa Zariya, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai daga birni. Faɗin ƙaramar hukumar ya kai kimanin murabba'in kilomita 206, kuma tana da mazaɓu 10, cikinsu har da Ƙarfi, Ɗanhassan, Kosawa, Gundutse da Dukawa. Ita da Madobi da Garun Malam ke haɗa kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutane sama da 140,000, wato kusan mutum 700 ke nan a kowane murabba'in kilomita.

Tun kafin zuwan Turawa Kura gari ne na baƙi da fatake. Marina da mabuganta su suka fitar da rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke saye har cikin Sahara. Sauyi mafi girma ya zo ne da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da shirin noman rani na Kogin Kano da ya biyo bayanta. Shirin ya ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Ƙasar da a dā ake nomawa sau ɗaya a shekara ta koma ana nomawa sau biyu ko uku: shinkafa da damina, sannan tumatir, alkama, albasa da masara da rani.

Wanda ya bi hanyar a watan Fabrairu ko Maris ya san abin da ake nufi. Tun da asuba 'yan ƙwadago ke tsaye a bakin titi suna jiran mai gona ya ɗauke su tsinkar tumatir. Kwanduna jere a gefen kwalta, manyan motoci na lodin kayan gwari zuwa Legas da sauran garuruwan Kudu, a Ƙarfi kuma ɗanyar masara ce tuli. A cikin gari mata na turara shinkafa, ana shanya ta a tabarmi da leda, injinan casa ba sa hutawa. Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata 'yan cin rani ne daga wasu ƙananan hukumomi, da wasu jihohi, har da Jamhuriyar Nijar. Suna shan ruwan garin, suna zuwa asibitinsa, wasu da iyalansu. Da ruwan sama ya sauka sai su koma gonakinsu. Babu littafin hukuma da ya san zuwansu ko tafiyarsu.

3.0 Yadda En'e ta San Mutanenta

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun gina mulkinsu a kan tsarin sarauta: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Ginshiƙin wannan tsari shi ne haraji da jangali, kuma haraji ba ya yiwuwa sai da ƙirga. Kowace shekara malamin haraji yakan bi ƙauyuka tare da dagaci, a zauna a ƙofar gidan mai unguwa, a kira masu gida ɗaya bayan ɗaya. A rubuta sunan mai gida da baligan maza da ke ƙarƙashinsa, a cire wanda ya rasu ko ya yi ƙaura, a ƙara yaron da ya isa. Bayan kaka a tara kuɗi, a ba kowa takardarsa, wadda ita ce shaidarsa idan zai yi tafiya. Ƙidayoyin farko-farko da Turawa suka yi a Arewa sun jingina ƙwarai da waɗannan littattafai.

Ba a kawo wannan tarihi don yabon haraji ba. Talaka ya sha wuya a kansa: an ɗaure mutane, an sayar da awaki da hatsi a kan tilas, wasu sun gudu sun bar garuruwansu. Lissafin kansa ma yana da gurgunta. Magidanci kan ɓoye ɗansa da ya balaga, makiyayi kan kora shanunsa daji idan ya ji labarin masu jangali, mata da yara kuma ba su ne abin nema ba. Shi ya sa lokacin da gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujja.

Sai dai an zubar da wani abu tare da harajin ba tare da an lura ba. Littafin da ke sa dagaci ya san kowane gida a ƙasarsa, ana kuma sabunta shi duk shekara, bai sake komawa matsayinsa na dā ba, kuma ba a kawo wani a madadinsa ba. Mai unguwa har gobe ya san wanda ya haihu da wanda ya rasu da baƙon da ya sauka. Sanin yana cikin kansa ne kawai, babu takardar da ke ɗauke da shi zuwa sakatariya.

4.0 Tsarin 1976 da Abin da Doka ta Tanada

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo tsari iri ɗaya a duk ƙasa, ya kuma raba sarakuna da ikon zartarwa. An fara da ƙananan hukumomi 301, aka kai 589 a 1991, sannan 774 a 1996. Ƙa'idar 1976 ta ce kowace ƙaramar hukuma ta ƙunshi mutane 150,000 zuwa 800,000. Abin lura shi ne, shekara talatin bayan haka, Kura ba ta cika ko mafi ƙarancin wannan adadi ba a ƙidayar 2006. Tsohuwar Jihar Kano da ta fara da ƙananan hukumomi 20, yau ta zama 44 a Kano da 27 a Jigawa. An kusantar da sakatariya ga jama'a, kuma wannan ya kamata ya sauƙaƙa sanin su.

Tsarin mulkin 1999 ya bar ƙulli a nan. Jadawali na huɗu ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da kula da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mahauta da hanyoyin karkara. Jadawali na uku kuma ya ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa alhakin kafa tsarin rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin tarayya, kamar yadda dokar tilasta rajista ta 1992 ta riga ta yi. Ƙidaya ita kanta tana cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu. A aikace, jami'in hukumar ƙidaya ne ke ba da takardar haihuwa, bayanan kuma su wuce ofishin jiha da Abuja. Aikin da aka ba mutum biyu, kowa yakan zaci ɗayan ya yi.

Sakamakon a bayyane yake. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, kuma karkara ta fi birni koma baya. Yawanci uba ba ya neman takardar sai buƙata ta taso, wajen shiga makaranta ko neman aiki, a lokacin kuma sai a je kotu a yi rantsuwar shekaru. Rajistar mutuwa kuwa ta fi wannan rauni, domin a al'adarmu ana sallar gawa a binne cikin 'yan sa'o'i, ba mai tunanin ofis.

5.0 Ƙidayar Ƙasa da Iyakarta

Tarihin ƙidaya a Nijeriya tarihin rigima ne. An soke ta 1962, aka sake a 1963 aka sami miliyan 55.6 cikin gardama. Ta 1973 gwamnatin Murtala Muhammad ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9, ta 2006 kuma miliyan 140.4, inda Jihar Kano ta sami kimanin miliyan 9.4. Wadda aka shirya yi a watan Mayu na 2023 an ɗage ta. Dalilin rigimar ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan hukumomi na samun kashi 20.60 na asusun tarayya, kuma wajen raba shi a tsakaninsu, kashi 40 ake rabawa daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa, ci gaban zamantakewa da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. A zamanin haraji mutane na ɓuya daga mai ƙirga. Yanzu da yawa ya zama kuɗi da kujera, kowa so yake a ƙara masa.

Ko da an yi ƙidaya tsakani da Allah, tana da iyaka iri biyu ga wuri irin Kura. Ta farko ita ce lokaci. Ƙidayar Nijeriya tana ƙirga mutum ne a inda aka same shi. Ta 1991 an yi ta a ƙarshen Nuwamba, lokacin kaka, ta 2006 kuma a ƙarshen Maris, tsakiyar cin rani. A watan Maris ƙauyen da ba shi da ruwan rani ya zama na tsofaffi da mata da yara, Kura kuwa ta cika da baƙi. Ga kuma al'adar nan ta komawa garin haihuwa don a ƙirga mutum a can. Saboda haka adadin da aka samu hoton mako guda ne, aka kuma ci gaba da amfani da shi kamar shi ne halin kowane wata na kowace shekara.

Iyaka ta biyu ita ce tsufa. Bayan 2006 an riƙa ƙara kashi 3.2 cikin ɗari ne a kowace shekara a matsayin ƙiyasin ƙaruwar jama'ar ƙasa. Idan aka bi wannan lissafi, yawan mutanen Kura ya haura 250,000 a 2024, wato sama da mutum 1,200 a murabba'in kilomita, kuma kansilan da ke wakiltar mutum 14,000 a 2006 a 2024 yana wakiltar 25,000. Amma ƙiyasin yana ɗauka cewa ko'ina na ƙaruwa da gudu ɗaya. Binciken 2018 ya nuna mace a Nijeriya na haihuwar 'ya'ya 5.3 a tsaka-tsaki, a Arewa maso Yamma kuwa 6.6. Garin da ke jawo baƙi saboda ruwa da kasuwa ba zai yi tafiya ɗaya da ƙauyen da matasansa ke ƙaura ba. Kowace shekara da ta wuce, tazarar da ke tsakanin takarda da gaskiya ƙara faɗi take yi.

6.0 Abin da Rashin Lissafi ke Jawowa

A ɗauki misalin jami'in rigakafi. Ƙa'idar da ake bi a ƙasar nan ita ce a ɗauki kashi 4 na jama'a a matsayin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 20 a matsayin 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 5 kuma mata masu juna biyu. A kan mutum 250,000, jarirai 10,000 ke nan a shekara. Da wannan adadi yake neman allura, da shi kuma ake auna ƙoƙarinsa. Idan ƙiyasin ya gaza gaskiya da kashi 10 kacal, jarirai 1,000 ne ba a yi tanadinsu ba, kuma rahoto zai nuna an yi wa kowa. Shi ya sa akan ga mazaɓa ta ba da rahoton ta yi wa sama da kashi ɗari rigakafi, ga kuma ƙyanda na kwantar da yara a cikinta. Bayan shekara shida waɗannan yara 1,000 za su tsaya a ƙofar firamare. A ma'aunin malami ɗaya ga ɗalibai 35, aji kusan 29 ke nan da ba a gina ba, ba a kuma ɗauki malamansu ba.

Haka abin yake a sauran fannoni. Yankin noman rani na fama da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya saboda ruwan da ke kwance a magudanai, kuma 'yan ƙwadagon da ke wuni a cikin ruwan su ne ba sa cikin lissafin ɗakin shan magani. Rabon rijiyoyi da taki da tallafi, idan babu adadin kowane ƙauye, yakan koma hannun wanda ya fi murya ko ya fi kusa da mai rabo. Kuɗin shiga na kasuwa da tasha ma ba a iya ƙiyasta shi, balle a san abin da ya zube a hanya.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Jihar Kano ta yi zaɓen shugabanni 44 da kansiloli 484 a watan Oktoba na 2024. Ko da an aiwatar da hukuncin ɗari bisa ɗari, ciyaman zai karɓi kuɗi ne ya kashe a kan ƙiyasi, talaka kuma ba shi da ma'aunin da zai tuhume shi da shi. Mutanen mazaɓa ba za su iya cewa an tauye su ba sai sun san su nawa ne, maƙwabtansu kuma nawa ne.

7.0 Shawarwari

Da ɗan gari akan ci gari. Yaƙi da shan inna ya tabbatar da haka: bayan da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko a 2009, masu unguwanni suka shiga aikin gida-gida, aka gano rugage da ƙananan ƙauyukan da ba sa cikin taswira, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta na 2020. A maƙwabciyarmu Nijar, inda tsarin sarauta ya yi kama da namu, ofishin magajin gari ne ke riƙe da rajistar haihuwa, ana kuma kai sanarwa ta hannun masu gari da asibitocin ƙauye. Bisa wannan ake ba da shawarwari kamar haka:

Na ɗaya, majalisar ƙaramar hukuma ta yi dokar da za ta ba kowane mai unguwa littafin haihuwa da mutuwa da ƙaura. Lokacin rubuta jariri shi ne ranar suna, domin a ranar liman da wanzami da ungozoma da mai unguwa duk suna wurin, kuma a ranar yaro ke samun sunan da za a rubuta. Aikin ba shi da yawa: jarirai 10,000 a shekara bai wuce 20 a mako ba a kowace mazaɓa.

Na biyu, dagaci ya tattara littattafan duk wata, a kai wa hakimi da sashen tsare-tsare na ƙaramar hukuma, a ba jami'in hukumar ƙidaya kwafi don ya fitar da takardar haihuwa. Ta haka jadawalin nan biyu na tsarin mulki za su yi aiki tare.

Na uku, a riƙa ƙirga baƙin rani sau ɗaya a shekara, a watan Fabrairu, ta hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da sarakunan kasuwa, a ajiye adadinsu daban don tanadin magani da ruwan sha.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci, a nesanta rajistar daga haraji da kuma rabon kuɗin tarayya. Idan aka haɗa ta da haraji mutane za su ɓuya kamar dā. Idan aka haɗa ta da kason Abuja za a cika ta da sunayen da ba su da masu su. Ladan mai unguwa ya zama tsayayye, kada a biya shi bisa yawan sunayen da ya kawo. A kuma riƙa liƙa adadin kowace unguwa a ƙofar gidan dagaci, a gwada shi da rajistar asibiti da ta makaranta.

8.0 Kammalawa

Takardar ta bi sawun lissafin jama'a a Kura daga littafin malamin haraji zuwa ƙiyasin da ake yi a kan ƙidayar 2006. An ga cewa tsohon lissafi sabo ne kullum amma an yi shi don karɓa daga talaka, na yanzu kuma an ce don a yi masa aiki ne amma ya tsufa, bai kuma san baƙin rani ba. Ƙidayar ƙasa tana da amfaninta, kuma ya kamata a yi ta. Sai dai ko an yi ta gobe, bayan shekara biyar za a koma gidan jiya idan babu mai sabunta ta daga ƙasa. Masu sanin suna nan a kowace unguwa, ana kiransu suna, ana kiransu jana'iza. Abin da ya rage shi ne majalisar ƙaramar hukuma ta miƙa musu littafi, ta kuma riƙa buɗe shi ranar da take zaman kasafi.